Wani yana son kai ɗan yayana santir na horar da ƙwallo a Duwala, yaya ake gane akademi ta gaskiya?

Baffan_Yaro, Garwa

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema, wanda ya san harkar nan ya taimaka ya yi magana, don kwana uku ke nan abin ya hana ni barci.

Akwai ɗan yayana marigayi, a hannuna yake tun rasuwar babansa, shekararsa 13 yanzu yana aji sinkiyem a lise. Yaron nan Allah ya ba shi ƙafa, ba wai don nawa ba ne, duk wanda ya gan shi a filin unguwa sai ya tsaya kallo, ɗan tsakiya ne mai ƙafar hagu, irin yaran nan da kafin ƙwallo ta iso ya riga ya ɗaga kai ya ga inda zai kai ta. To a gasar unguwa-unguwa ta hutun bakans da aka gama, bayan wasan kusa da na ƙarshe wani mutum ya biyo mu har gida, ya ce yana da santir a Duwala wai suna da hulɗa da wasu kulob a Beljiyam da Fotugal, ya nuna min hotuna a waya, yara cikin riguna iri ɗaya, fili kore shar, ga shi tsaye da wasu Turawa. Ya ce in kawo sefa dubu 450 na shekara, ci da kwana da makaranta duk a ciki, sai dubu 60 na dosiye da kayan wasa, wai in yaro ya dage cikin shekara biyu zai fitar da shi waje gwaji. Kuma in hanzarta don gurbi biyu kawai ya rage.

Ni ɗinki nake yi a kasuwa, kuɗin nan ba ni da su sai dai in sayar da fegin da uban yaron ya bari, kuma kun san dukiyar maraya ba abin wasa ba ce. Uwarsa ta ce atafau ba inda za shi. Shi kuma yaron tun ranar ko abincin kirki bai ci, in ya dube ni sai in ga kamar cewa yake ni na tare masa hanya. Wallahi ina tsoron in danne masa arzikinsa, ina kuma tsoron in ɗauke shi da hannuna in jefa a rami.

Tambayata ita ce, ta yaya ake gane santir na gaskiya da na bogi? Wane irin abu ne akademi mai kyau ke yi wa yaro wanda filin unguwa ba ya yi masa? Kuma tunda ga ƙungiyar Coton Sport a garinmu, dole ne sai yaro ya je kudu kafin ya zama wani abu? Na gode, Allah ya saka.

Koci_Domayo, Marwa

Wa'alaikumus salam baffa. Allah ya jiƙan yayanka, ya ba ka ladan riƙon maraya. Kafin komai, kar ka taɓa fegin nan, ko sisi kar ka ba mutumin nan sai ka je ka gani da idonka. Mai cewa ka yi sauri gurbi biyu ya rage so yake kar ka samu lokacin tambaya.

Bari in ba ka labarina don ba a littafi na karanta ba. Ina da shekara 15 aka zo Marwa aka ɗauke mu mu huɗu da irin wannan zancen, babana ya sayar da shanu biyu. Mota har Ngawundere, jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, daga nan Duwala. Da muka isa, abin da ake kira santir gida ne na haya mai ɗaki uku, mu kusan ashirin da biyar, katifa a ƙasa, filin da muka gani a hoto ashe na wasu ne, haya ake yi sau ɗaya a sati, sauran ranakun a wani fegi mai yashi da kwalabe muke atisaye. Makaranta kuwa an rubuta sunanmu a wata lekol ta yamma, wata biyu muka je aka daina biya aka kore mu. Shekara biyu na yi a wurin ban buga wasan gasa ko ɗaya ba wanda aka rubuta sunana a takardar alƙali, sai wasan sada zumunci kullum, wai Bature zai zo kallo. Gwiwata ta lalace ana shafa min man zafi ana ɗaurewa da bandeji, da aka ga ba na moruwa aka ba ni kuɗin mota rabi. Na dawo gida ba ƙwallo ba takardar gama ƙaramar sakandare ta BEPC, abokan karatuna suna shirin probatuwar. Yanzu yara nake horarwa da yamma, da safe ina shagon wani.

To abin da zan ce maka, tambaya ta farko da za ka yi wa mutumin nan ita ce lisans. Santir ɗinsa yana da rajista da lig ɗin yankinsu ƙarƙashin Fecafoot, hukumar ƙwallon Kamaru? Yaransa wace gasa suke bugawa, ta 'yan ƙasa da 15 ko ƙasa da 17, kuma ya nuna maka lisans na yaran bara mai hoto da lamba, ba hoton waya ba. Yaron da ba shi da lisans a idon hukumar ƙwallo babu shi, ko shekara goma ya yi yana gudu. Sannan ka ce ya faɗa maka yara biyar da suka fita daga hannunsa da inda suke yau, kar ka tsaya kan wanda ya ce yana Turai, ka ce ya haɗa ka da iyayen waɗanda aka sallama, a bakinsu za ka ji gaskiya.

Game da abin da akademi ke ƙara wa yaro, wannan ita ce tambaya mai kyau kuma mutane ba sa yinta. Filin unguwa yana koyar da yanka da ƙarfin hali da riƙe ƙwallo a wuri matsatse, wannan ba kocin da zai koya maka, shi ya sa ni ban yarda a raba yaro ɗan 10 ko 11 da unguwa ba. Amma daga 13 zuwa 16 akwai abin da unguwa ba ta bayarwa, ƙafa ta biyu, tarbar ƙwallo da taɓawa ɗaya ta tafi inda kake so, sanin inda za ka tsaya lokacin da ƙwallo ba ta wurinka, wanda shi ne kusan duk mintuna casa'in ɗin, sannan abinci da barci da hutu, don shekarun nan ne ƙashi ke miƙewa da sauri gwiwa da diddige su riƙa ciwo, kocin da bai sani ba sai ya ce raki ne ya ƙara wa yaro gudu ya nakasa shi. In ka je ka tsaya ka kalli atisaye ɗaya daga farko har ƙarshe. Ƙirga ƙwallo nawa ne a fili. In yara talatin suna layi suna jiran ƙwallo uku, ko rabin lokaci ya tafi a zagayen fili, ɗauki takalminka ka tafi. In ka ga ƙananan rukuni, huɗu da huɗu, biyar da biyu, koci yana tsayar da wasa yana tambayar yaro me ka gani kafin ka buga, ba zagi da ihu ba, to nan ana aiki.

Maganar Coton kuwa, baffa kai da ke Garwa ruwa na ƙofar gidanka. An kafa ta 1986, ta fara lashe gasar lig ta ƙasa 1997, yau ba ƙungiyar da ta kai ta yawan lashe gasar Kamaru, kuma ta je wasan ƙarshe na zakarun Afirka a 2008, Al Ahly ta ci 2-0 a Alƙahira aka tashi 2-2 a filin Roumdé Adjia na Garwa. Vincent Aboubakar daga nan aka kira shi gasar duniya ta 2010 yana ɗan 18, a shekarar ya wuce Valenciennes. Jacques Zoua ya tafi Basel, Edgar Salli ya tafi Monaco, su ukun nan duk suna cikin tawagar da ta ɗauko kofin Afirka a 2017, kuma Aboubakar ne ya ci Masar ƙwallon ƙarshe a Libreville. Duba da kyau, ba wanda ya tafi yana ɗan 13, sai da suka buga wa manya a gida aka gan su.

Dan_Birketeri, Yawunde

Koci na ji maganarka kuma Allah ya ba ka lafiyar gwiwa, amma kar mu tsorata mutumin nan har ya ɗauka duk abin da ke kudu damfara ne. Gaskiya ɗaya ce, idon masu neman 'yan wasa yana Duwala da Yawunde, nan jirgi ke sauka, nan ejoji dillalan 'yan wasa suke, nan ake gasar yara kusan kowane wata. Eto'o daga akademin Kadji ya fito, Kameni da Mbia da Nkoulou da Chedjou duk nan. Makarantar ƙwallo ta Brasseries ita ta fitar da Rigobert Song da Geremi, baya-bayan nan Clinton N'Jie, ga Carlos Baleba da ya tafi Lille a 2022 a 2023 Brighton ta saye shi. Coton ƙungiya ɗaya ce, yara nawa za ta ɗauka daga Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa gaba ɗaya? In ba ta ɗauki yaronka ba fa, ka zauna kana kallo har ya kai 18 yana buga unguwa-unguwa a ba shi akuya ko kwalin sabulu?

Ni ina ganin yaranmu na arewa ana barinsu a baya ne saboda tsoron nan na iyaye, kar ya yi nisa, kar ya lalace. Ga André Onana, yana ɗan 14 ya tafi Barcelona ta gidauniyar Eto'o, da an riƙe shi a gida da yanzu wa ya san shi. Kuma ba kowane mai karɓar kuɗi ne ɓarawo ba, akwai santir masu makarantar kwana da ake biya kamar yadda ake biyan kowace lekol mai zaman kanta, suna ba ka rasit, suna da aji da malamai, ka san abin da ka saya.

Shawarata dai baffa, in kana da ɗan'uwa a Duwala, a New Bell ba a rasa namu, ka tura shi ya je ba tare da ya sanar ba, ranar Talata ko Laraba da safe, ba ranar da suka shirya ba. Ya duba inda suke kwana da tukunyar da ake dafawa. In ya yi kyau me zai hana.

Bako_a_Faransa

Salam. Ni ba ɗan wasa ba ne amma na daɗe a nan kuma ina taimaka wa wata ƙaramar ƙungiyar unguwa da aikin takardu, don haka bari in yi magana kan dokar, saboda a nan ne mutumin nan ya yi maka ƙarya ƙarara baffa.

Ya ce cikin shekara biyu zai fitar da shi, wato yana ɗan 15. Dokar FIFA, sashe na 19 na dokar sauyin 'yan wasa, ta hana a kai yaro wata ƙasa ya yi rajista da kulob kafin ya cika 18. Akwai 'yan keɓe-keɓe, kamar in iyayensa sun ƙaura saboda dalilin da ba na ƙwallo ba, ko tsakanin ƙasashen Tarayyar Turai daga shekara 16, ko in gidansu da kulob ɗin duk suna cikin kilomita 50 daga iyaka. Yaro ɗan Garwa mai fasfon Kamaru ba ya shiga ko ɗaya a Beljiyam ko Fotugal. Ɗan'uwa na Birketeri ya kawo Onana, gaskiya ne ya tafi a 2010, amma ai saboda irin waɗannan yaran ne FIFA ta hukunta Barcelona a 2014 ta hana ta sayen 'yan wasa, yara da yawa suka zauna ba wasan gasa, bayanta Real Madrid da Atlético da Chelsea duk sun sha irin hukuncin. Ƙofar nan an rufe ta. Abin da ke faruwa yanzu shi ne a kawo yaro da bizar yawon buɗe ido ta 'yan makonni, a ajiye shi a otal, ejan ya ɓace da kuɗin, biza ta mutu, yaro ya ji kunyar komawa gida tunda an sayar da gona dominsa. Na haɗu da irinsu a masallaci fiye da sau ɗaya, wani yana wanke-wanke a gidan abinci da takardun wani, in ya kira gida sai ya ce yana atisaye. Abin yana ci min rai ƙwarai.

Sai maganar kuɗi, wadda in ka fahimce ta ka gama gane komai. Akademi ta ƙwararru ba a aljihun iyaye take cin abinci ba, a kan yaron take zuba jari. In ya sa hannu a kwantiragin ƙwararru na farko a waje, kulob ɗin da ya ɗauke shi yana biyan diyyar horarwa ga waɗanda suka rene shi tun daga shekara 12. Sannan duk lokacin da aka sayar da shi daga ƙasa zuwa ƙasa ana cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da ya zauna daga 12 zuwa 23, kowa gwargwadon shekarun da ya yi. Tun 2022 ma FIFA ta buɗe ofishi a Paris da ke bin kuɗin nan ta fasfon ɗan wasa na kwamfuta, kuma abin da ke cikin fasfon nan shi ne lisans da Koci yake ta faɗa. To wanda ya yarda da gaske cewa yaronka zai kai, shi ke da buƙatar ya yi masa lisans da sunansa na gaskiya ya ciyar da shi da kyau, don ribarsa na gaba. Wanda ke matsa maka ka kawo dubu 450 yau yau, ribarsa kai ne.

Dubi waɗanda suka yi suna. Génération Foot a Senegal, Mady Touré ya kafa ta a 2000, tana da yarjejeniya da Metz wadda kowa ya sani ba a waya ake nuna ta ba, Sadio Mané ya bi ta nan ya zo Metz a 2011, bayansa Ismaïla Sarr da Pape Matar Sarr da Lamine Camara, hanya ɗaya ƙofa ɗaya. Right to Dream a Gana tun 1999, ba a biyan ko sisi, suna da kulob nasu a Denmark wato Nordsjælland, Mohammed Kudus ya je can 2018 Ajax ta ɗauke shi 2020, kuma abin da ya fi burge ni da su, yaran da ƙwallo ba ta karɓa ba da yawa suna samun gurbin karatu a Amurka. ASEC ta Abidjan, yaran da Jean-Marc Guillou ya fara tarawa a 1994 su ne suka doke Espérance ta Tunis 3-1 a Super Cup na 1999, su Kolo Touré da Zokora. Maroko ta gina akademin Mohammed VI, ga En-Nesyri da Aguerd da Ounahi a tawagar da ta kai wasan kusa da na ƙarshe na gasar duniya a Qatar. Ka ce wa mutuminka ya faɗi sunan kulob ɗin Beljiyam ɗin, ka turo min nan, zan rubuta musu in tambaya ko sun san shi, ba wuya.

Na yarda da ɗan Birketeri a abu ɗaya, akwai makarantun kwana na biya masu gaskiya. Amma wannan makaranta ka saya mai ƙwallo a gefe, ka auna ta da ma'aunin makaranta, kar wani ya haɗa maka da alƙawarin Turai.

dan_kuseri

aslm. ni dai gajere zan yi. mu nan bakin gada yaranmu da yawa Injamena suke tsallakawa buga kwallo, su ma na Cadi masu kyau burinsu su zo Kamaru, Marius Mouandilmadji ai ta Coton ya bi kafin ya tafi Porto. wato abin da wasu ke ketare iyaka suna nema kai yana garinku baffa. kasar da ta fitar da Japhet N'Doram da Casimir Ninga ba baiwa ta rasa ba, fili da gasar yara ne babu, shekara ta wuce yaro bai buga wasa goma na kirki ba. shi ya sa ni in an ce min akademi abin da nake tambaya kawai wasa nawa yaro zai buga a shekara kuma minti nawa, don na ga wanda ya je babban wuri ya shekara a benci ya dawo ya fi da lalacewa. kuma dan Allah a duba zafin nan, Maris da Afrilu a wajenmu ya wuce 40, masu sa yara gudu karfe biyu na rana ba ruwa su ji tsoron Allah

Malama_Sabongari, Ngawundere

Salamu alaikum. Na karanta duka, kuma na lura ba wanda ya tsaya kan maganar uwar yaron. Malam, matar nan ta rasa miji, yanzu ana so a ɗauke mata ɗa a kai tafiyar kwana biyu hannun mutumin da ko sunan unguwarsa ba ku sani ba, ƙin da ta yi ba jahilci ba ne. Ka zauna da ita ka karanta mata abin da aka rubuta a nan, duk abin da za a yanke a yanke da ita.

Ni malamar lise ce shekara goma sha shida, kuma duk shekara muna kai yara wasannin makarantu na FENASSCO, na ga masu ƙafa da yawa sun wuce ta ajina. Abin da nake so ka sa a ranka shi ne ko a akademin da ta fi kowace kyau a duniya, yawancin yaran da suka shiga ba sa cin abinci da ƙwallo, ana tunawa da Messi da Xavi da Iniesta da suka hau matakai uku na Ballon d'Or a 2010 daga gida ɗaya, akademin Barcelona, amma waɗanda suka kwana ɗaki ɗaya da su aka sallame su ba mai jin labarinsu. Don haka ni in zan auna santir, da yaron da aka sallama nake aunawa, ranar da aka ce masa ka tafi gida me ke hannunsa. In BEPC ne da bak, ko sana'a, alhamdu lillahi. Ka nemi su nuna maka takardun sakamakon yaransu na zangon da ya wuce da sunan makarantar, ka kira shugabanta da kanka.

Abu na biyu, shekaru. Ina roƙonka da girman Allah, duk wanda ya ce a sake wa yaron nan takardar haihuwa a rage masa biyu ko uku, ka tashi ka bar wurin. Za su ce maka kowa na yi. Ka tuna ƙarshen 2022, yara 30 aka kira tawagar Kamaru ta 'yan ƙasa da 17, aka yi musu hoton MRI na wuyan hannu, 21 suka faɗi aka mayar da su gida, duniya duk ta ji. Tun gasar duniya ta 'yan 17 da aka yi a Najeriya a 2009 ake amfani da na'urar nan, tana duba ko ƙashin wuyan hannu ya gama haɗewa ne. Bayan kunya, yaron da aka rage wa shekaru yana wasa da ƙannensa yana ture su da ƙarfi ana ta yabonsa, bai koyi komai ba, ran da ya haɗu da tsaransa sai a ga ba shi da abin yi. Sannan takardun makarantarsa da na ƙwallo su saɓa, ya rasa duka biyun.

Na uku shi ne wanda ba a son faɗa. Wa ke kwana da yaran nan da dare? Babba nawa, su waye, yaro yana da waya ya kira uwarsa lokacin da yake so ko ana karɓewa? Ana cutar da yara maza a irin wuraren nan kuma ba sa faɗa, don wanda ke cutar da su shi ke riƙe da mafarkinsu. Ka tambayi sallarsa da abincinsa da azumi ma, ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan 13 da bai taɓa barin gida ba. Kuma likita, ba mai tausa ba, likitan da zai duba zuciya kafin a fara. Mu 'yan Kamaru ba sai an tuna mana Marc-Vivien Foé a Lyon 2003 ba, ko Patrick Ekeng a 2016, da suka yanke jiki suka faɗi a fili suka rasu. Ko a gida zai zauna, ka kai shi asibiti a yi masa gwajin zuciya, kuɗinsa bai kai na takalmi mai kyau ba sosai.

Koci_Domayo, Marwa

Malama Allah ya biya ki, maganar dare ɗin nan na so in faɗa na kasa. Ɗan Birketeri, ban ce kudu duka ɓata ce ba, Brasseries da Kadji ai ba mai musun aikinsu, abin da na ce shi ne manyan nan gwaji suke yi su zaɓa, ba sa bin mutum gida da daddare suna cewa kawo kuɗi gurbi zai ƙare. In yaron ya kai 15 ko 16 ya fi ƙarfin yankinsa, ya riƙe BEPC a hannu, aka kira shi gwaji a wuri mai suna, ni da kaina zan ce a raka shi tasha. Yanzu dai a sa shi a ƙungiyar yara mai lisans a Garwa ya riƙa buga gasa, a sa masa ido kan ƙafar dama, kullum minti ashirin da bango ya isa.

Baffan_Yaro, Garwa

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci, ban zaci za a ba ni lokaci haka ba. Ga inda aka kwana.

Na kira mutumin jiya bayan isha'i na yi masa tambayoyin Koci. Lisans ya ce ana kan yi. Sunan kulob ɗin Beljiyam ya ce sirri ne har sai an sa hannu. Da na ce ya ba ni lambar uban yaro ɗaya da ya taɓa zama wurinsa sai ya ce in ban yarda da shi ba akwai masu jira, daga baya kuma ya sake kira ya ce zai rage min zuwa dubu 300, har ya ƙara da cewa yaron yana da ɗan jiki za a iya mayar da shi 11 a takarda. Malama kamar kina wurin. Na ce masa mun gode.

Duk da haka na tura wa wani ɗan ƙanwar babarmu da ke sayar da goro a New Bell kwatancen da ya bayar, zai leƙa ranar Laraba, don in an tambaye ni in faɗi abin da aka gani ba abin da na zata ba, akwai wani maƙwabcinmu ma da mutumin ya je wa kan ɗansa.

Na zauna da uwarsa da shi yaron na karanta musu duka, wurin labarin Koci ta yi kuka. Shi bai ce komai ba sai da aka zo kan Aboubakar, ya ce da gaske sai da ya kai 18 ya tafi, na ce ga shi an rubuta. Ya ci tuwo daren jiya. Ranar Asabar zan rufe shago da wuri mu je ofishin lig na yanki in tambayi ƙungiyoyin yara masu rajista da lokacin da Coton ke gwajin 'yan shekarunsa, Litinin kuma asibiti don zuciyar. Koci in ba damuwa ka rubuto min yadda ake atisayen bangon nan dalla-dalla, bangon bayan gidanmu na siminti ne, sai dai ƙasar wurin akwai tsakuwa, ko sai mun share mun zuba yashi?